Sirrin da kotu ta sa ka miƙa wa abokin shari'arka

Ranar 4 ga watan Yuni na 2013, wakilan kamfanin Samsung da na Nokia suka zauna cinikin lasisin fasahar waya. Irin wannan ciniki bai da bambanci da na kara: kowa yana ɓoye iyakar inda zai sallama. Nokia tana da dalilin ɗauka cewa sharuɗɗan yarjejeniyar da ta ƙulla da Apple a 2011 suna nan a rufe tsakanin su biyu. Amma bisa rantsuwar da Paul Melin, babban jami'in Nokia mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, ya gabatar wa kotu daga baya, wani babba a Samsung mai suna Dakta Seungho Ahn ya zayyano musu sharuɗɗan nan a wurin zaman, har ya ƙara da cewa babu bayanin da ba ya fita. Samsung ta musanta cewa haka maganar ta kasance. Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne cewa takarda mai ɗauke da waɗannan sharuɗɗa ta riga ta isa hannun ma'aikatan Samsung fiye da 50. Kuma ba ɓarawo ne ya kai musu ita ba, ta ƙofar kotu ta bi.

Kafin a gane yadda haka ta faru, sai an fara gane wani abu game da shari'ar neman haƙƙi, wato wadda ba ta aikata laifi ba, irin ta bashi, saɓa alkawarin ciniki, ɓata suna ko satar fasaha. A kotunan tarayyar Amurka, tun daga dokokin gudanar da shari'a na 1938, ba a barin kowa ya zo gaban alƙali da makami a ɓoye. Kafin zaman sauraro akwai dogon mataki na musayar hujjoji. Kowane ɓangare yana da ikon ya nemi ɗayan ya fito da takardun da suka shafi rigimar: wasiƙu, imel, littattafan kuɗi, yarjejeniyoyi, har da waɗanda za su cutar da mai su. Ba ka da ikon cewa wannan sirrina ne, ba zan bayar ba. In ka ɓoye ko ka lalata, hukunci yana jiranka, wani lokaci ma ka faɗi shari'ar gaba ɗaya. Abin da kawai aka ware shi ne kamar maganar da ta gudana tsakanin mutum da lauyansa, wadda ba a miƙa ta ko kaɗan.

Hikimar tsarin a fili take. Sau da yawa gaskiyar magana tana cikin durowar wanda ake ƙara, ba a hannun wanda aka cuta ba. Amma dubi abin da aka ɗora wa mutum. An ce ya buɗe cikinsa, kuma ba ga aboki ba, ga wanda suke fafatawa da shi, wanda gobe ma za su haɗu a kasuwa ɗaya. Apple ta shigar da ƙarar Samsung a watan Afrilu na 2011 a San Jose ta jihar Kalifoniya, kuma domin a iya ƙiyasta darajar fasahohin da ake rigima a kansu, dole ta fito da yarjejeniyoyinta da Nokia, Ericsson, Sharp da Philips. A lura da wannan: babu ɗaya daga cikin kamfanonin nan huɗu da ke cikin shari'ar. Rigimar wasu ce ta jawo sirrinsu ya bar gida.

Maganin da aka tanada shi ne odar kare sirri. Doka ta 26(c) ta dokokin gudanar da shari'a na kotunan tarayyar Amurka ta ba alƙali ikon ya iyakance yadda za a bayyana sirrin sana'a, sakamakon bincike ko bayanan kasuwanci, in an nuna masa dalili mai kyau. A aikace lauyoyin ɓangarorin biyu ne ke zama su tsara odar, su kawo wa alƙali ya sa hannu. Tana raba takardu hawa-hawa. Akwai waɗanda ake buga musu tambarin sirri, waɗanda wasu ƙalilan daga cikin mutanen kamfani za su iya gani domin shari'ar kawai. Akwai na sama da su, waɗanda ake rubuta wa cewa idon lauyoyi ne kaɗai zai gan su, ma'ana lauyan waje da masanin da ya ɗauko za su karanta, amma wanda ya ɗauke su aiki yake biyansu ba zai gani ba. Wannan wuri ne mai wuyar haɗiya, domin lauya yana riƙe da abin da zai iya sauya shawarar wanda yake wakilta, kuma an hana shi faɗa masa. Duk masanin da za a nuna wa takardun sai ya sa hannu cewa ya karanta odar ya amince kotu ta hukunta shi in ya saɓa. In abin ya shafi asalin rubutun manhaja, sai a ajiye shi a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet, a ɗaki mai tsaro, mai dubawa ya zo ya duba ya tafi. In shari'a ta ƙare, samfurin odar da kotun tarayya ta arewacin Kalifoniya ke amfani da shi ya ba da kwana 60 a mayar da takardun ko a lalata su.

Yarjejeniyoyin Apple a hawa na sama aka sa su. Lauyoyin Samsung na waje, wato kamfanin Quinn Emanuel, suka ba masanin tattalin arzikin da suka ɗauko, David Teece, ya yi nazari ya rubuta rahoto. Har nan babu laifi. Laifin ya zo ne a watan Maris na 2012, lokacin da za a tura rahoton ga Samsung. Ƙa'ida ita ce a shafe duk inda aka ambaci abin da ke cikin takardun sirri, sai aka tsallake wasu wurare. Aka ɗora rahoton a ma'ajiyar da ma'aikatan Samsung ke shiga, aka yi ta tura shi ta imel daga wannan zuwa wancan, har ya kai ga masu cinikin lasisi, mutanen da dominsu ne aka kafa shingen tun farko.

Alƙali Paul Grewal ne ya bi diddigin lamarin. A hukuncinsa na ƙarshen Janairun 2014, bai gamsu cewa an tabbatar Samsung ta yi amfani da bayanan a ciniki ba, don haka bai ɗora mata babban hukuncin da Apple da Nokia suka nema ba. Inda ya tsaya ya fi jan hankalina. A ganinsa kuskuren ƙaramin lauya ɗaya wajen shafe layi ba baƙon abu ba ne. Abin zargi shi ne kamfani mai ɗaruruwan lauyoyi ya bar aiki mai wannan haɗari a hannun mutum ɗaya babu mai duba bayansa, sannan da alamun ɓarakar suka bayyana a cikin gida ba a sanar da masu sirrin da wuri ba. Aka umarci a biya Apple da Nokia kuɗin da suka kashe wajen bin maganar, wanda ya haura dala miliyan 2. Daga baya kuma aka gano ita kanta Apple ta shigar da wata takarda mai ɗauke da sharuɗɗan Nokia a rumbun kotu da kowa ke iya buɗewa, ta yi watanni a can.

Dala miliyan 2 kuɗin lauyoyi ne. Ba ta goge abin da ya shiga kan masu ciniki ba, kuma babu odar da za ta iya hakan. Magana zarar bunu ce. Wannan shi ne raunin farko na odar kare sirri, kuma ba a rubutunta yake ba, a hannun masu riƙe da takardu yake. A 2023, lokacin shari'ar hukumar kula da kasuwanci ta Amurka da Microsoft kan sayen kamfanin Activision, an shafe wasu layuka a takardar Sony da baƙar maka, da aka ɗauki hoton takardar sai rubutun ya fito ta ƙarƙashin tawadar, duniya ta san haɗa wasu manyan wasanninta na bidiyo biyu ya ci sama da dala miliyan 200 kowanne. Manyan lauyoyi, manyan kuɗi, amma alƙalamin maka ne ya kayar da su.

To me ya ba kotu ikon rufe bakin mutum a kan abin da ya riga ya sani, a ƙasar da ke tinƙaho da 'yancin faɗin albarkacin baki? Kotun Ƙolin Amurka ta amsa wannan a 1984. Keith Rhinehart, shugaban wata ƙaramar ƙungiyar addini mai suna Aquarian Foundation, ya yi ƙarar jaridar Seattle Times kan ɓata suna. Jaridar ta nemi sunayen mabiyansa da masu ba shi gudummawa. Kotu ta ce ya bayar, amma ta hana jaridar bugawa. Jaridar ta ce an take mata haƙƙi. Kotun Ƙoli ta ce a'a, domin ba wakilanta ne suka tono sunayen ba, ƙarfin kotu ne ya fizgo su daga hannun mai su, saboda haka kotu tana da ikon ta faɗi iyakar abin da za a yi da su. In jaridar ta samo su ta wata hanya tata, ta buga abinta. Ni a ganina wannan daidai ne, kuma kalmar da ta dace da shi a wurinmu ita ce amana. Abin da aka karɓa da sunan neman gaskiya a rigima ɗaya, ba ganima ba ce.

Ingila ta isa wannan matsaya ta wata hanya dabam. A can ba sai an nemi oda ba. Duk wanda ya karɓi takarda ta hanyar musayar hujjoji ana ɗauka ya yi wa kotu alkawarin ba zai yi amfani da ita ba sai a wannan shari'a, ko da bai furta ba. Har ina alkawarin ya kai? Harriet Harman, wadda daga baya ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar Leba, ta ɗanɗana amsar lokacin tana lauyar wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a. Tana wakiltar wani fursuna da ya yi ƙarar ma'aikatar harkokin cikin gida kan yadda aka killace shi. An karanta takardun ma'aikatar a bainar kotu, kowa yana ji. Bayan haka ta bar wani ɗan jaridar Guardian ya duba su. A 1982 Majalisar Dattawan ƙasar, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta tabbatar da cewa ta raina kotu, alƙalai 3 suka rinjayi 2. Hukuncin bai kwanta wa mutane ba, domin yaya abin da aka karanta a gaban jama'a zai koma sirri? Maganar ta kai gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, daga baya aka gyara dokar. Yanzu doka ta 31.22 ta dokokin gudanar da shari'a na Ingila ta ce takardar da aka karanta ko aka ambata a zaman da jama'a ke halarta ta fita daga wannan ƙangi, sai dai in alƙali ya ba da umarni na musamman. Inda sirrin ya yi tsanani kuma, kotunan Ingila kan ware wasu mutane ƙalilan da aka ambaci sunayensu, su kaɗai za su gani.

Gyaran nan ya taɓo iyakar da ta fi kowace muhimmanci a wannan batu, kuma ita aka fi tsallakewa. Takardar da ke yawo tsakanin ofisoshin lauyoyi biyu dabam take da takardar da aka ajiye a gaban alƙali domin ya yanke hukunci da ita. Ta farko ba ruwan jama'a da ita. Ta biyu kuwa ta shiga aikin hukuma, kuma jama'a suna da haƙƙin sanin abin da alƙali ya dogara da shi. Shi ya sa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da yammacin Amurka, a shari'ar Kamakana ta 2006, ta ce dalili mai kyau ya isa a kare takardun musaya, amma rufe takardar da ta shafi yanke ainihin rigima sai da dalili mai nauyin gaske, kuma jin kunya ko tsoron wata ƙarar ba ya cikinsu.

A rubuce haka abin yake. A zahiri mai ƙara yana son takardu da wuri, wanda ake ƙara yana son rufi, alƙali yana da tulin shari'u, don haka babu mai sha'awar tsayawa gardama. Sai kamfani ya bi dubban takardu da tambarin sirri ba tare da tantancewa ba, duk da cewa samfurin odar da na ambata ya hana hakan ƙarara. In aka yi sulhu, sai komai ya koma akwati. Jama'a, waɗanda abin zai iya shafa, ba su da kujera a wurin zaman.

Maganin Zyprexa na kamfanin Eli Lilly, wanda ake ba masu taɓin hankali, shi ne misalin da ya fi damuna. Dubban mutane sun yi ƙara cewa ya sa su ƙiba mai tsanani da ciwon sukari, aka tattara ƙararrakin a gaban Alƙali Jack Weinstein a Brooklyn, takardun cikin gida na kamfanin kuma suna ƙarƙashin odar kare sirri. A ƙarshen 2006, wani likita da masu ƙara suka ɗauko a matsayin masani, David Egilman, ya miƙa takardun ga wani lauya a Alaska, James Gottstein, wanda ya aiko masa da sammaci daga wata shari'ar da ba ta da alaƙa da wannan. Daga nan suka isa jaridar New York Times, ta buga rahotanni kan yadda kamfanin ya riƙa rage girman haɗarin. A watan Fabrairun 2007 Weinstein ya yanke cewa haɗin baki aka yi domin a kauce wa odarsa, ya umarci a mayar da takardun, daga baya kuma Egilman ya amince ya biya kamfanin dala 100,000. Amma a 2008 shi wannan alƙalin ya buɗe da yawa daga cikin takardun da kansa. A watan Janairun 2009 kamfanin ya amsa laifin tallata maganin ga cututtukan da ba a amince a ba da shi dominsu ba, ya biya dala biliyan 1.415.

Ba na goyon bayan abin da likitan ya yi. Ya sa hannu a kan alkawari, kuma in kowane masani zai zama alƙalin kansa, gobe babu kamfanin da zai miƙa takarda ta gaskiya, masu ƙara ne kuma za su fara shan wahalar hakan. Amma ba zan iya kawar da kai daga cewa akwai likitoci da suka ci gaba da rubuta maganin, da iyalai da suka ci gaba da ba 'yan uwansu, alhali bayanin da ya shafi lafiyarsu yana kulle a ofishin lauyoyi da izinin kotu. Sirrin haɗa magani abin karewa ne. Sanin cewa maganin yana cutarwa ba sirrin sana'a ba ne, kuma aikin alƙali ne ya raba su tun ranar da aka kawo masa odar, ba bayan shekaru ba. Tayar Goodyear samfurin G159 ta bi irin wannan hanya. An yi ta ƙararraki kan fashewarta a manyan motocin da ake kwana a cikinsu, ana sulhu a rufe, sai a 2022 aka janye kimanin 173,000 daga cikinta, tayar da aka daina ƙerawa tun 2003. Jihar Florida ta hango wannan tun 1990, ta yi dokar da ta hana kotu ba da odar da za ta ɓoye abin da ke da haɗari ga jama'a.

Najeriya ta gaji tsarin shari'ar Ingila, don haka maganar ba ta yi mana nisa ba, sai dai inda ɓarakar tamu take ya ɗan bambanta. Sashe na 36(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a gudanar da irin waɗannan shari'u a bainar jama'a. A galibin manyan kotunan jihohi kuma, tun ranar shigar da ƙara ake haɗawa da kwafin takardun da za a dogara da su da rubutacciyar shaidar shaidu. Abin da ya shiga fayil ɗin kotu ya shiga sahun takardun hukuma, waɗanda Dokar Shaida ta 2011 ta tanadi yadda ake karɓar kwafinsu mai tambari. A ɗauka abokan kasuwanci biyu a Kantin Kwari sun ɓata, ɗaya ya kai ɗaya kotu. Domin ya nuna an cuce shi, sai ya haɗa da bayanan asusun banki, sunayen masana'antun da suke saro kaya a Sin, da farashin da ake ba su. Ya yi hakan ne domin ya ci shari'a, amma ya ajiye jarin shekara 20 a inda hannaye da yawa ke taɓawa, a zamanin da ɗaukar hoto da waya a tura ta WhatsApp bai kai minti ɗaya ba. Rigimar aure da ta gado sun fi wannan zafi, domin a can takardar asibiti ce da rufin asirin gida. Lokacin da ya kamata mutum ya tambayi lauyansa wace takarda ce dole, wane layi za a iya shafewa, da me za a roƙi alƙali ya iyakance, shi ne kafin a kai takardun rijista. Bayan nan ihu ne bayan hari.

Najeriya da kanta ta taɓa zama wadda sirrinta ya faɗa hannun abokin shari'a, ko da yake wannan ba ta hanyar musaya ba ne. Kamfanin P&ID ya ƙulla kwangilar sarrafa iskar gas a Kalaba da gwamnatin tarayya a 2010, ba a gina komai ba, amma a 2017 kwamitin sasanci a Landan ya ce Najeriya ta biya shi dala biliyan 6.6, kuɗin da ruwa ya kai shi sama da biliyan 11. Ranar 23 ga Oktoban 2023, Alƙali Robin Knowles na babbar kotun Landan ya yanke cewa da zamba aka samu wannan nasara. Cikin dalilansa, bayan cin hanci da shaidar ƙarya, akwai cewa takardun cikin gida na lauyoyin Najeriya sun riƙa isa hannun kamfanin ana tsaka da shari'ar, kuma maimakon ya mayar da su ya sanar, sai ya riƙe. Da su yake bibiyar ko gwamnati ta farga da abin da aka yi mata.